Lokacin da Manhaja ke Neman Ƙuri'armu

Akwai wani ɗan tambari da ya ɓace daga shafukan intanet ba tare da ya yi sallama da kowa ba. Ƙaramin hoto ne da ake maƙalawa a gefen shafi ko can ƙasa, ɗauke da roƙo guda: an buɗe zaɓe, ku je ku jefa wa manhajarmu ƙuri'a. In an ci, sai a cire shi a sa wani mai siffar lambar yabo, ya shekara a nan yana tallar kansa. Wanda ya tuna mini da shi wani matashi ne mai gina wa 'yan kasuwa shagunan intanet, da ya kawo aikinsa in duba masa. Cikin hira na tambaye shi wace manhaja ce ta ci kyautar bana. Ya yi jim, sannan ya ce, "Oga, dama ana ba su kyauta ne?" Yaron ya iya aikinsa, ya ma fi ni sauri nesa ba kusa ba. Abin da muka yi shekaru muna ta da jijiyar wuya a kansa ne kawai bai taɓa shiga kunnensa ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai so a ɗan yi masa shimfiɗa. A da, kowane fejin shafi da hannu ake rubuta shi. In makaranta ta sauya lambar waya, kuma lambar tana ƙasan feji arba'in, sai ka buɗe arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya ka gyara. Manhajar sarrafa shafi, wadda 'yan sana'a ke kira CMS, ita ta raba mu da wannan bautar. Rubutu yana zaune a rumbun bayanai, fasalin shafi yana wani wuri daban, sakataren ofis kuma yana iya shiga da kalmar sirri ya sa sanarwa ba sai ya nemi wanda ya gina shafin ba. A tsakiyar shekarun 2000 irin waɗannan manhajoji sun yi yawa kamar me, mafi yawansu kyauta ne, kuma a buɗe suke ga duk mai son duba cikinsu ko gyara su: PHP-Nuke, Mambo, XOOPS, e107, TYPO3, Plone, Drupal. Yawan nasu ne ya haifi tambayar da kowa ke yi wa kowa, wacce zan koya?

Kamfanin Packt, mai buga littattafan fasaha a birnin Birmingham na Ingila, shi ya ga kasuwa a cikin wannan tambayar. A 2006 ya ƙaddamar da gasar shekara-shekara ta buɗaɗɗun manhajojin sarrafa shafi. Jama'a su gabatar da sunaye, a tace guda biyar, a sake buɗe zaɓe, a haɗa ƙuri'un jama'a da hukuncin wasu alƙalai, a sanar da sakamako wajen watan Nuwamba. Ta ɗaya ta samu dala 5,000. Ba don Allah kaɗai Packt ya yi ba, littattafan koyon waɗannan manhajojin yake sayarwa, kuma duk wanda ya zo jefa ƙuri'a ta ƙofar shagonsa zai bi. Amma a faɗi gaskiya, yana ware wa ayyukan wani kaso daga cinikin littattafan da aka rubuta a kansu, kuma ga mutanen da ke aikin sa kai da dare bayan sun tashi daga wurin neman abinci, dala dubu biyar ba abin rainawa ba ce.

Mu a nan gasar a shagon intanet ta same mu. Ina iya jin warin wurin har yanzu: hayaƙin janareta da ke shigowa ta taga, gumin mutum goma sha a ɗaki ɗaya, ƙurar da fanka ke kaɗowa daga bayan kwamfutoci masu ƙeya. Ka sayi tikiti, 'yar takarda mai lamba, agogo ya fara cin mintocinka a kusurwar allo tun shafi bai gama buɗewa ba. A shekarun farko lokacin zaɓen ya riƙa faɗowa cikin azumi, don haka sai an sauko daga asham muke haɗuwa, mu biya kuɗin kwana, domin da tsakar dare layi ya fi sauri. Mai shayi na bakin ƙofa ya san mu. Mutum zai sa manhaja tana sauka, ya fita ya sha shayi da burodi, ya dawo ya tarar wuta ta ɗauke ta katse a kashi casa'in. A cikin wannan hali ne wani zai ɗaga murya daga lungu, "Jama'a, an buɗe zaɓe, kowa ya je ya yi wa Joomla!" Daga ɗaya lungun ɗan Drupal ya amsa masa da cewa abin yara ne. Daga nan musu ya kankama har sahur.

Abin dariya, ko cikinmu babu wanda ya taɓa ganin Dries Buytaert, ɗan Beljiyam ɗin da ya fara Drupal yana ɗalibi a Antwerp ya sake ta a 2001, ko Andrew Eddie na Ostareliya da ke kan gaba a Joomla. Amma muna kiran sunayensu kai ka ce unguwarmu ɗaya. In ka jefa ƙuri'a saƙon tabbatarwa ya shigo akwatin Yahoo ɗinka, sai ka ji kai ma an ƙirga da kai a wani babban taro da ake yi a can wata duniya. Wannan jin ba ƙarya ba ne, kuma ba na raina shi. Mutumin da ba ya iya biyan komai ta intanet don ba shi da katin da za a karɓa, ga shi ƙuri'arsa ɗaya take da ta injiniyan Jamus.

Mutum ɗaya ne a cikinmu bai taɓa yin zaɓen ba, wanda kuwa ya koya wa yawancinmu aikin. Dattijo ne a ma'aunin sana'ar, wato ya haura arba'in, kuma ya fara tun lokacin rubuta shafi da hannu. Yana da ɗabi'un da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya taɓa shafin mai aiki sai ya kwafe shi a faifai ya rubuta kwanan wata da alƙalami. Ba ya sabunta komai ranar Alhamis da yamma, don kada abu ya lalace a shiga Juma'a ana neman sa. Kalmomin sirrin masu aiki kuwa a wani ɗan littafi suke, a aljihun gaban rigarsa, yana cewa amana ce. Da na matsa masa kan zaɓen sai ya ce, "Kai, ƙuri'a shaida ce. Guda biyar aka jera. Ka yi aiki da sauran huɗun?" Na ce a'a. Ya ce, "To me za ka shaida?"

Tambayar nan ita ce gaskiyar gasar baki ɗaya. Ba a tambayi kowa ko ya gwada biyar ɗin ba, kuma da wuya a samu ɗaya cikin ɗari da ya yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ƙuri'a ke aunawa shi ne wace manhaja ce ke da mutanen da in an kira su za su fito. Zaɓen intanet ma a wancan zamanin kowa ya san lagonsa, adireshin imel biyu ƙuri'a biyu. A 2009 wasu matasa suka murɗe zaɓen mujallar Time na mutanen da suka fi tasiri a duniya, suka ɗora Christopher Poole, mai shafin 4chan, a kan shugabannin ƙasashe. Irin wannan lagon ne ya sa tun farko Packt ya riƙe alƙalai a gefe, don kada sarkin yawa ya yi abin da ya ga dama.

Sai dai shekaru sun nuna mini cewa abin da dattijon ya raina yana da nasa amfanin. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da ofishin da za ka kai ƙara. In ta lalace da ƙarfe biyun dare, waɗancan mutanen da ke fitowa in an kira su, su ne za su ba ka amsa, su fassara ta zuwa harsuna, su toshe ɓaraka, su rubuta ƙarin kayan aikin da kake nema. Wanda ke son sanin ko manhaja za ta kai baɗi, ƙirga masu kishinta ba wauta ba ce. Ka dubi sakamakon 2006. Joomla ta zo ta ɗaya, Drupal ta biyu, Plone ta uku, alhali Joomla ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya ba. A watan Agustan 2005 ne duk masu rubuta Mambo suka yi fushi da kamfanin Miro na Melbourne, wanda ya kafa gidauniyar da za ta riƙe manhajar ba tare da shawararsu ba. Suka kwashi kundin aikin, wanda lasisinsa ya halatta musu, suka fita suka sa masa sabon suna, jama'a kuma suka bi su ɗungurungum. Mambo, mai tarin lambobin yabo, ta yi ta ramewa har fitowarta ta ƙarshe a 2008. Ƙuri'ar 2006 mubaya'a ce ga waɗanda suka fita, kuma kowa ya fahimci haka.

Drupal ta karɓe kambun a 2007, ta maimaita a 2008. A watan Oktoban 2009 shafin fadar shugaban Amurka ya koma kanta, 'yan Drupal na shagonmu suka yi mako ba a jin kunne. WordPress fa? Ko cikin biyar ɗin farko ba ta shiga ba a 2006. Matt Mullenweg da Mike Little sun fara ta a 2003 don masu rubuce-rubucen yau da kullum, mu kuma muna kallon ta a matsayin abin wasa, wadda ba a kai wa babban mai aiki. A 2007 wani ƙaramin rukuni aka ba ta. Da ta ci babbar kyautar a 2009, da yawa cikinmu sun ce alƙalai sun yi son kai. A 2010 aka faɗaɗa gasar ta haɗa da wasu fannonin, CMS Made Simple ta ci rukuninmu, Joomla ta sake ci a 2011, daga nan Packt ya naɗe tabarmarsa.

Wasu sun ɗauki tutar. CMS Critic ta fara nata zaɓen a 2012, kuma a can ne abin da ya fi ba ni mamaki ya faru. Joomla ta yi ta lashe ƙuri'ar jama'a shekara bayan shekara, a daidai lokacin da masu amfani da ita ke zarewa. Alƙaluman W3Techs, masu ƙirga abin da shafuka ke gudana a kai, sun nuna WordPress na riƙe da kusan kashi 13 cikin 100 na shafukan duniya a farkon 2011, ta haura kashi 40 a 2021. Joomla yau ba ta kai kashi 2 ba, Shopify da Wix duk sun wuce ta. Fadar shugaban Amurka ma ta bar Drupal ta koma WordPress a ƙarshen 2017. Mutanen WordPress ba su damu su fito zaɓe ba, don yawancinsu ba su san su mutanen WordPress ba ne. Kamfanin da suka kama hayar wurin ajiye shafi ne ya ba su maɓalli guda suka danna.

A nan gasar ta mutu, ko da ana ci gaba da raba lambobi. Tambayar da ta haife ta an amsa ta da ƙidaya. Manyan kamfanoni dama can ba ƙuri'armu suke dubawa ba, rahoton Gartner suke saye, inda sai mai ciniki mai kauri ke shiga jerin, shi ya sa sunan Acquia, kamfanin da Buytaert ya kafa a 2007, ake gani a ciki maimakon Drupal kanta. Ƙananan 'yan kasuwa kuma taurari suke ƙirgawa a G2 da Capterra, inda sau da yawa ake ba mai sharhi katin sayayya ladan rubutunsa. Namu zaɓen yana da maguɗi, amma ban san wanda aka taɓa biya ya yi shi ba.

Kada dai daɗin tuna baya ya sa a manta wahalar da ke ciki, musamman wahalar da masu ba mu aiki suka sha. Shafin da aka gina a kan manhajar da ta ci lambar yabo shi ne za ka wayi gari ka tarar an shafe fuskarsa an sa tutar wasu 'yan kutse, don wani ƙarin kayan aiki da aka ɗauko kyauta yana da rami. Tashi daga Joomla 1.0 zuwa 1.5, wadda ta fito a farkon 2008, kusan sake gini ne, kuma mai aiki ne zai biya sau biyu. A watan Oktoban 2014 aka gano wata ɓaraka a Drupal 7, har masu kula da tsaronta suka ce duk shafin da ba a toshe ba cikin awa bakwai da sanarwa a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai, ga mutumin da wata ƙila yana hanyar ƙauye babu layi. Sannan mu kanmu mun zama 'yan ƙofa. Shugaban makaranta ko mai asibiti ba ya iya motsi sai da mu, in mai gina shafi ya yi tafiya ko ya yi fushi, shafin ya tafi da shi. Dattijonmu mai littafin amana ba shi ne ya fi yawa a sana'ar ba.

Yau mai sayar da atamfa da turaren wuta tana buɗe shago da wayarta tsakanin la'asar da magariba, ba ta san sunan kowace manhaja ba, kuma ba ta yi asarar komai ba da rashin sanin. Da yawa ma ba sa buƙatar shafi, Instagram da WhatsApp sun ishe su. A 2011 kusan kashi uku cikin huɗu na shafukan duniya ba sa kan kowace manhajar sarrafawa, yanzu waɗannan ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Burin da masu aikin sa kai suka yi ta faɗa, cewa kowa ya iya wallafa abinsa, ya cika fiye da yadda suka zata. Wasu ne dai suka cika shi, kuma da haya.

Bambancin da ke tsakanin gidan kanka da gidan haya ke nan. Na haya a share yake, famfo na zuba, in kwano ya yi yoyo ba kai za ka hau ba. Amma mai gida ke yanka kuɗi, da dala kuwa, kuma ranar da ka tashi ba ka tafiya da bango. Wanda ya gina a kan Wix ba zai iya naɗe shafinsa ya kai wani wuri yadda yake ba. Mu a da, duk da yoyon, muna iya kwashe komai a faifai mu sauya masauki cikin dare ɗaya.

Na daɗe ina ɗauka cewa layin a nan ya tsaya, masu buɗaɗɗiyar manhaja a gidansu suke, sauran 'yan haya ne. Rikicin 2024 ya nuna abin bai kai haka sauƙi ba. A watan Satumba, a taron WordPress na birnin Portland, Mullenweg ya fito ya caccaki WP Engine, babban kamfanin da ke ajiye shafukan WordPress, yana cewa suna kwasar riba ba sa mayar wa aikin abin kirki, suna kuma cin moriyar sunan. Ƙorafin yana da tushe, tsohon ciwo ne a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja. Amma matakin da ya biyo baya shi ya girgiza mutane: aka toshe wa kamfanin hanyar shiga WordPress.org, inda shafuka ke ɗauko sabuntawa, abin ya faɗa kan masu shafukan da ba su ci ba ba su sha ba. Aka kuma ji daga bakin Mullenweg cewa wannan shafin, da miliyoyin mutane suka ɗauka na jama'a ne, mallakinsa ne shi kaɗai. Ma'aikata 159 suka karɓi sallama suka bar kamfaninsa na Automattic. Wata kotu a Kalifoniya ce ta ba da umarni a watan Disamba a buɗe hanyar kafin a gama shari'a.

Babu wanda ya kira zaɓe, don babu akwatin da za a jefa ƙuri'ar. Duk shekarun da muka yi muna zaɓe, an tambaye mu wa za a ba lamba, ba a taɓa tambayarmu wa zai riƙe makulli ba, mu ma ba mu nema ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Joomla, wadda aka haifa daga tawaye, wadda babu kamfanin da ya mallake ta kuma masu aikin sa kai ke zaɓen shugabanninta, ita ce ta ƙanƙance. Wadda mutum ɗaya ke jan ragamarta ita ta cinye kasuwa, wata ƙila ma don mutum ɗaya ya fi kwamiti saurin yanke shawara. Wannan ba ya yi wa irina daɗin ji, amma haka alƙaluman suka nuna.

Ƙofar da mutanen Mambo suka bi a 2005 tana nan, lasisin bai sauya ba. Girma ne ya sa ta yi wuyar bi. A lokacin 'yan mutane ne za su yi shawara su tashi, jama'a su bi su. Yanzu akwai dubun-dubatar ƙarin kayan aiki a rumbu ɗaya, da kamfanoni da ma'aikatan da abincinsu ke rataye a wurin. Waɗanda suka ɓalle daga WordPress a 2018 suka kafa ClassicPress, don ba sa son sabon tsarin rubutu na Gutenberg, ba su ja kowa ba sai ƙalilan. Shi ya sa masu neman gyara a wannan karon ba su yi maganar fita ba. A watan Yunin 2025 wasu tsofaffin masu aikin WordPress suka ƙaddamar da wani shiri mai suna FAIR a ƙarƙashin Linux Foundation, don shafi ya iya ɗauko sabuntawa daga wurare da yawa, kada mutum ɗaya ya sake iya rufe hanya. Aiki ne maras armashi, na yarjejeniya da tsarin shugabanci da wa ke da ikon sa hannu, irin wanda da an kawo mana shi a shagon intanet a 2007 da babu wanda zai ɗaga kai daga allo.